Rijiya Mai Baki Biyu

Ranar da aka ja guga daga ƙarƙashin Rijiyar Kaka, mutum biyu ne ke riƙe da igiyar, kuma babu wanda ya yarda ya saki a cikinsu.

A lokacin fari ya riga ya ci ƙarfin ƙasar. Damina ta zo ta wuce ba ɗigo, wadda ta biyo ta ma haka. Tafkuna suka tsage, rijiyoyi suka ƙafe, sai wannan ɗaya da ke tsakanin Tudun Marke da Kwarin Aduwa, ita ma ɗan ruwan laka ne ke taruwa a gindinta. Mutanen Tudu suna cewa kakansu ne ya haƙa ta. Mutanen Kwari suna cewa kakansu ne ya ba da aron diga. An yi zaman sulhu ya watse, an fasa tuluna, an fasa kawuna, har samari sun fara wasa adduna a ɓoye.

Ɗaya daga cikin masu riƙe da igiyar ita ce Tabawa mai daddawa ta Tudun Marke, gajeriyar dattijuwa mai murya kamar kakaki, wadda ke riƙon jikokinta marayu. Ɗayan kuwa Barmo ne mai jakai na Kwarin Aduwa, dogo, siriri, ɗan gwaggonta. Taubasai ne, tun suna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a watse. Fari ne ya mai da wasan gaske. Da ƙishirwa ta kashe wa Barmo jakinsa da ya fi so, sai ya ce dahuwar kalwar Tabawa ce ke shanye rijiya. Ita kuma ta ce jakansa ne ke shan rabon jikokinta.

To, ran nan da tsakar rana suka haɗu a bakin rijiya, guga na ciki, kowa ya ce shi ya riga zuwa. Suna cikin ja-in-ja sai igiya ta miƙe, wani abu ya fizge ta daga ƙasa. Barmo ya ce ta saki, ta ce shi ya saki tunda shi ne bawa. Aka ƙara fizga, suka tuntsura ciki tare.

Suka yi ta faɗuwa har suka gaji da salati suka koma faɗa. Suka ratsa ɗan ruwan lakar nan, maimakon su bugi ƙasa sai suka ji ana jan su sama, suka fito ta bakin wata rijiya a wata ƙasa da ba su taɓa gani ba. Samanta launin toka, ƙasarta fara fat, itatuwanta saiwoyinsu na sama. Ga layin aljanu ya miƙe iya ganin ido, wasu dogaye kamar giginya, wasu gajeru kamar turmi, wani da kofato, wata da ido a tafin hannu. Kowa da tulunsa, kuma kowa na zagin na gabansa.

Wadda ta jawo su wata aljana ce mai hannu huɗu. Ta dube su sama da ƙasa, ta ce tun asuba take bin layi, ga abin da guga ya kawo mata. Ta juya ta tambayi jama'a ko akwai wanda ya san yadda ake shan irin waɗannan.

Kafin a ba ta amsa dogarai suka iso, wasu ƙadangaru masu jan kai da ke tafiya a tsaye. Suka ɗaure Tabawa da Barmo a kugu da igiyar gugan, ɗaya a wannan bakin ɗaya a wancan, suka tasa su zuwa fada.

Fadar wani busasshen tafki ce. A tsakiyarsa Magajiyar Ruwa na zaune bisa bayan wani ƙaton kunkuru. Fatarta ta tsattsage kamar gindin tafkin, wata baiwa na tsoma gashin tsuntsu a ɗan ƙoƙo tana shafa mata a goshi.

Magajiya ta ce, "Ya ku 'yan Adam na bakin sama, ku sani rijiyar nan baki biyu gare ta, ruwanta ɗaya. Kakanninku da namu sun sha daga gare ta, ba wanda ya ji motsin wani. Ku kuwa kun ƙwaƙule ta har laka, kuma hayaniyarku na saukowa ta hana jariranmu barci. Na riga na yanke hukunci a toshe bakinku da dutse. Ga masassaƙa can suna aikinsa."

Suka waiga, suka hangi aljanu na sassaƙa wani falalen dutse mai faɗin masussuka. Tabawa ta tuna ta bar jikokinta da ɗan guntun ruwa a randa. Ta durƙusa ta ce ran Magajiya ya daɗe, laifin ba na kowa ba ne sai na jakan wannan mutumin. Barmo ma ya durƙusa ya ce ran Magajiya ya daɗe, a je a ga tukunyar kalwar matar nan, ko raƙumi zai yi wanka a ciki. Suka haɗa baki suna ta bayani har kunkuru ya mai da kansa cikin ƙwarya.

Magajiya ta ɗaga hannu, suka yi shiru. Ta ce akwai hanya ɗaya. Gizagizai suna da makiyayi, ana kiransa Ardon Gajimare, ya kwashe garkensa ya koma Dutsen Bayan Iska bai yi wa kowa sallama ba. Duk manzon da ta aika bushewa yake yi a hanya, don aljanun ruwa ba sa jure tafiyar tudu.

Ta ce, "Ku kuwa na lura bakinku bai bushe ba. Ku je ku zo mini da girgije ko da guda ne kafin a gama sassaƙar dutsen can. In kun zo da shi, na janye hukunci. Ga gora, ruwanta ba ya ƙarewa, sai dai yana ɗaukar ɗanɗanon maganar da mai sha ya faɗa a kan abokin tafiyarsa."

Barmo ya roƙa a kwance igiyar. Magajiya ta ce in aka kwance, ɗaya zai bar ɗaya a daji.

Suka kama hanya, suka shiga Filin Gishiri, inda ba inuwa ko ta tsinke. Barmo na da dogon taku, Tabawa na da gajere, don haka igiya ba ta huta ba. Da ta fizge shi har ya kusa kifewa, ya kira ta tsohuwar kunama, sannan ya kafa gora a baki. Nan take ya tofar, fuskarsa ta yamutse, don ruwan ya fi maɗaci ɗaci.

Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta karɓi gora, ta gyara murya, ta ce Barmo kyakkyawa ne, mai hankali, wanda ya cancanci sarauta. Ta kurɓa, ta ji kamar an jiƙa mata kanwa zalla. A nan suka gane gorar ba ta karɓar zagi, kuma ba ta karɓar ƙarya.

Suka ci gaba da tafiya shiru, kowa na laluben alheri guda na gaskiya a jikin ɗan'uwansa, abin ya gagara. Rana ta yi ta dukansu. Can da harshen Barmo ya fara manne wa dasashi, ya dubi wani wajen, ya ce a hankali, "Daddawarki ba ta da tsakuwa." Ya sha. Ruwan ya shawu, ko da yake yana ɗan warin daddawa.

Tabawa ta fi shi taurin kai. Ta jure har leɓenta ya tsage, ƙafarta ta fara harɗewa, ta zauna bisa gishiri. Barmo ya miƙo mata gora ya ce ta faɗi ko mene ne, ko tsawonsa ne ma ta yaba, ai gaskiya ce. Ta karɓi gorar.

Ta ce, "Ranar da malam mijina ya rasu, ƙasa ta yi tauri kowa ya gaji. Kai ka ƙarasa haƙa kabarin."

Ruwan ya zo mata da sanyi kamar na sabuwar randa. Ta sha ta ƙoshi, ta miƙe, ta ce masa ya daina tsayuwa kamar turken awaki su tafi.

Daga nan suka iso Kogin Yashi. Kogi ne sosai, yana gudu yana ambaliya, amma yashi ne zalla. A bakinsa akwai wani tsohon aljani mai ƙaya a jiki kamar bushiya, yana gyangyaɗi cikin kwalekwale. Suka yi masa sallama. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ya ku baƙi, zan ƙetare da ku. Amma a cikin kogin nan akwai kadojin da ba su da ido, da kunne suke farauta. Wanda ya yi magana a tsakiya, shi da jirgina da ni duk mun zama abinci. Za ku iya yin shiru?"

Kowannensu ya ce shi kam zai iya, ɗayan ne abin ji.

Suka shiga. Da farko lafiya lau, ba ka jin komai sai shuuu na yashi. Suna kaiwa tsakiya Barmo ya gyara zama, ya take wa Tabawa ɗan yatsan ƙafa, kuma bai sani ba, ya bar ƙafarsa a wurin. Tabawa ta kumbura. Zagi ya taso mata tun daga ciki ya cika mata kumatu, ta danne shi da hannu biyu, hawaye na zuba. Ta jure har gaci ya fara bayyana. A daidai nan ƙura ta shiga hancin Barmo, ya saki atishawa wadda ta girgiza jirgin.

Yashi ya tsage, wani kada mai tsawon kwalekwalen ya ɗago, ya wage baki a kansu. Tabawa ta kwance haɓar zanenta, inda take ƙulle daddawar talla, ta jefa masa curi guda har maƙogwaro. Kada ya rufe baki, ya tsaya cik kamar mai tunani. Sai ya juya ya nutse, suka ga yashi na tudu yana nisa da gudu, sauran kadojin na bin bayansa.

Da suka sauka, mai jirgi ya ce ba ya son ladan komai sai ragowar wannan makamin. Barmo ya ce shi dama ya daɗe da sanin abin na kisa ne. Bai ƙara samun ruwa mai daɗi ba sai da ya yarda a fili cewa ta ceci ransa.

Suka hau Dutsen Bayan Iska da rarrafe, iska na neman ɗauke Barmo, nauyin Tabawa na riƙe shi. A can ƙoli suka tarar da wani fili kore shar, ga gizagizai na kiwo suna lasar raɓa. Farare ƙanana na tsalle kamar maruƙa, baƙaƙe manya na tafe da ƙyar, hantsarsu cike da ruwa. A tsakiyarsu wani dogon aljani na tsugune yana tatsa, malafarsa ta kai jinkar rumbu, sandarsa ta walƙiya na jingine a kafaɗa.

Suka gaishe shi da ladabi, suka faɗi abin da ya kawo su. Ardo ya saurara har suka gama.

Ya ce, "Ya ku 'yan Adam, dabbobina masu tsoro ne. Duk sanda na kora su wajen rijiyarku, ihu ke tasowa daga sama da ƙasa, su firgita su watse, masu ciki su yi ɓari a kan duwatsu inda ba mai amfana. Shi ya sa na ƙaura. Amma tunda kun taka har nan, zan ba ku aron guda. Sharaɗina shi ne ɗayanku ya zauna ya taya ni kiwo har ƙarshen kwanansa. Ku zaɓa kafin in gama tatsa."

Bai rufe baki ba Tabawa ta nuna Barmo, Barmo ya nuna Tabawa. Ardo ya ce ba haka ake zaɓe ba, ya koma kan tatsarsa.

Suka zauna a kan dutse, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya iya tsawon igiya. Barmo ya yi ta tunanin yaran nan marayu, waɗanda in ya wuce da jakai suke bin sa suna roƙon ya ɗora su. In tsohuwar ba ta koma ba, wa zai riƙe su? Ya tashi a hankali ya matsa wajen Ardo, ya rage murya ya ce shi zai zauna. Ya san dabbobi, jakansa sun kusa ƙarewa, matarsa Lantana kuwa ƙila ma ta samu hutu.

Igiya ce ta tona shi, don da ya matsa sai da ta ja Tabawa. Ta ji komai. Ta miƙe ta ɗaure ɗankwali.

Ta ce, "Wato kai ka zauna nan ka zama gwarzo, ni in koma gida a ce na sayar da ɗan gwaggona na sayi ruwa? Ba ka isa ba. Ni na girme ka, na ci zamanina. Kai kana da mata da 'ya'ya ƙanana. Ka koma ka haɗa da nawa ka riƙe."

Barmo ya ce ita da ko akuya ba ta taɓa kiwo ba, me za ta yi da girgije? Ta ce wanda ya bar jakinsa ya mutu ba shi da bakin maganar kiwo. Ya ce shi ya riga faɗa. Ta ce tun yaushe bawa ke riga uwargijiyarsa? Faɗan da suka yi a kan wa zai zauna ya fi duk wanda suka taɓa yi a bakin rijiya. Muryar Tabawa ta bugi dutse ta dawo, ta Barmo ta bi ta.

Gizagizai suka ɗaga kai. Wani ƙaramin farin girgije ya zabura, ya banke ƙwaryar tatsa. Sai garke ya ɓarke gaba ɗaya, aka yi ta tsawa, baƙaƙe na karo da juna, ƙanƙara na zuba. Ardo ya ɗauki sanda ya bi su da gudu yana kiran sunayensu.

Ya daɗe kafin ya dawo, ba malafa, yana haki. Ya tsaya nesa da su.

Ya ce, "Na rantse da wanda ya halicci ruwa, ba na son kowa a cikinku, ko kyauta aka ba ni. Ga Duna can, ku tafi da ita. In damina ta ƙare ta san hanyar gida."

Suka duba, suka ga wata tsohuwar girgije baƙa ƙirin, ita kaɗai a fili, tana lasar raɓarta hankali kwance. Barmo ya yaba jarumtarta, ya tambaya me ya hana ta gudu. Ardo ya ce kurma ce, kuma duk garken ita kaɗai za ta iya zama a ƙasarsu. Ya ƙara da cewa ta tsufa, ruwanta ba mai yawa ba ne, sai an yi tattali.

Barmo ya zarga tsakiyar igiyar a wuyan Duna, ya ɗan murɗa mata wutsiya yadda yake yi wa jaki mai gardama. Ta tashi sama da su, ɗaya na reto a dama ɗaya a hagu. Suka wuce Kogin Yashi, suka wuce Filin Gishiri, Tabawa ta rufe ido tana ta addu'a, Barmo na ba ta labarin irin nisan da ke tsakaninsu da ƙasa.

Sun iso fada masassaƙa na goge gefen dutse na ƙarshe. Duna ta ɗan yi yayyafi a kan tafkin, Magajiya ta ɗaga fuska, tsagun fatarta suka fara haɗewa. Ta ce ta janye hukunci, amma ga yadda za a yi daga yau: safiya ta mutanen Tudu, yamma ta mutanen Kwari, tsakar rana ta aljanu, kuma wanda ya zo da faɗa ya koma da tulunsa wayam. Ta sa aka kwance su, ta karɓi gorarta, ta ce su yi sauri, don tana jin ƙarar ƙarfe daga bakin sama.

Shigar da girgije cikin rijiya ba ƙaramin aiki ba ne. Aljanu suka yi ta dannawa, Barmo na ja ta gaba, Tabawa na turawa ta baya, har Duna ta matse ta shige.

A can sama kuwa garuruwan biyu sun yi sahu, rijiya a tsakani. Mutanen Tudu sun ce 'yan Kwari ne suka jefa Tabawa, mutanen Kwari sun ce 'yan Tudu ne suka jefa Barmo. An zare adduna, saura a ce a fara. Sai ga Barmo ya leƙo daga rijiya, laka har gira, bayansa wani baƙin abu na tuƙuƙi kamar hayaƙin gobara, a ƙarshensa ga Tabawa riƙe da wutsiya. Duna ta miƙe a sama, ta buɗe, ta yi gyaran murya, ta saki ruwa. Mayaƙa suka dubi juna, suka dubi sama, suka zubar da adduna, kowa ya ruga gida ɗauko abin tara ruwa.

Ruwan Duna bai cika tafkuna ba, amma ya ɗaga rijiya, ya kuma isa aka shuka gero. Dattawan garuruwan biyu suka ji saƙon Magajiya daga bakin mutum biyun da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, don haka ba wanda ya yi musu. Aka bi tsarin, duk da ana gunaguni.

Asara ɗaya aka yi. Ɗakin Tabawa, wanda aka daɗe ba a yi wa yaɓe ba tunda ba a ruwa, ya rushe a ruwan farko. Allah ya sa ba kowa a ciki. Barmo ya zo da sauran jakansa ya kwashe ta da jikokinta da tukunyar kalwa, Lantana ta share musu ɗaki a Kwarin Aduwa.

Ba a jima ba aka lura Tabawa na zuwa rijiya da safe ta ce ita haifaffiyar Tudu ce, ta dawo da yamma ta ce ita mazauniyar Kwari ce. Da labari ya kai kunnen Barmo, ya tare ta a ƙofar gida, ya ce wannan cin amana ne, shi da kansa zai kai ta gaban dattawa, in ta kama ma ya leƙa rijiya ya sanar da Magajiya.

Tabawa ta sauke tulu, ta dube shi, ta ce, "Ruwan safen nan, a randar wa kake tsammani nake juye shi?"

Barmo ya leƙa tsakar gida, ya ga randarsa cike har baki. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Can ya ce tulu ɗaya ai wahala ce ga mai shekarunta, gobe ta tafi da jaki.